Riƙon Ƙwarya a Birnin Balin: Waiwaye a Kan Louise Schroeder

Shekarar da na kammala digiri na biyu aka ba ni wani aji in riƙe. Malamin da ke da darasin ya tafi ƙaro ilimi ƙasar waje, aka ce in tsaya a madadinsa na zango ɗaya. Zango ɗaya ya zama uku. Ni ke shiga aji, ni ke tsara jarrabawa, ni ke raba dare a kan takardun ɗalibai, amma sunansa ne a jikin ƙofar ofis, sunansa ne kuma a saman takardar sakamako. Wata rana wani ɗalibi ya zo neman a duba masa maki, na ce masa abin da ya samu ke nan. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce cikin ladabi, "To Malama, yaushe mai darasin zai dawo?" Ba raini ya nufa ba. Abin da kowa ya sani ya faɗa, wato maganata ta wucin gadi ce, akwai wata maganar a gaba.

A cikin watannin nan ne, ina karance-karance a kan tarihin mulkin birane domin shirin digiri na uku, na ci karo da sunan Louise Schroeder. Tarihin ƙawanyar da aka yi wa Balin a 1948 nake bi, kuma kamar kowane mai karatu, sunan Ernst Reuter nake tsammanin gani a matsayin magajin gari. Sai na tarar ashe ranar da aka datse hanyoyin birnin ba shi ne a kan kujerar ba. Wata mata ce 'yar shekara sittin da ɗaya, wadda take riƙe masa. Da a wani lokaci na gamu da ita, da na wuce. Amma wanda ke ɗauke da kayan wani yakan gane ɗan'uwansa ko daga nesa.

An haifi Louise Schroeder ranar 2 ga Afrilu 1887 a Altona, garin da daga baya aka haɗe shi da Hamburg. Mahaifinta leburan gini ne, mahaifiyarta kuma mai sayar da kayan lambu. Ba ta yi jami'a ba. Makarantar koyon aikin ofis ta yi, ta shafe shekaru tana akawu a wani kamfanin inshora. A 1910 ta shiga jam'iyyar SPD ta 'yan ƙwadago, kuma lokacin da matan Jamus suka sami 'yancin zaɓe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, tana cikin rukunin farko na matan da suka shiga majalisar ƙasa a 1919. A shekarar ce kuma ta dafa wa Marie Juchacz wajen kafa ƙungiyar jin ƙai ta ma'aikata, wadda har yau tana aiki a Jamus. Ta zauna a majalisa har 1933, kuma abin da ta fi mai da hankali a kai shi ne irin al'amuran da manyan 'yan siyasa ba su cika sha'awa ba: hutun haihuwa ga mata ma'aikata, kula da yara, da haƙƙin uwar da ta haihu ba aure da na ɗanta.

Ranar 23 ga Maris 1933 majalisa ta kaɗa ƙuri'a a kan dokar da ta miƙa wa Hitila ikon yin doka shi kaɗai. Wakilan SPD 94 ne kawai suka ce ba su yarda ba, tana cikinsu. Abin da ya biyo baya sananne ne. Aka haramta jam'iyyar, aka raba ta da aikin koyarwa da take yi, 'yan sanda suka sa mata ido. Ta koma Hamburg ta buɗe ɗan shagon burodi, shi ma bai yi albarka ba, domin ta ƙi yin gaisuwar 'yan Nazi, masu saye suka janye. A 1938 ta koma Balin ta sami aikin ofis a wani kamfanin gine-gine. Shekara goma sha biyu ke nan na rayuwar mutum, waɗanda littattafai kan taƙaita su a layi uku. Ni ma ga shi na taƙaita.

Domin a fahimci kujerar da ta hau, sai an san yadda Balin take bayan 1945. Birni ne da yaƙi ya ragargaza, aka kasa shi huɗu tsakanin Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyat, alhali shi kansa yana zaune a tsakiyar yankin da Sobiyat ke iko da shi. Akwai majalisar birni da magajin gari guda ɗaya na dukkan sassan, amma a samansu akwai zauren kwamandojin soja huɗu, wanda ba ya zartar da komai sai bakin huɗun ya zo ɗaya. Ma'ana, kowane ɗaya daga cikinsu yana iya tsayar da komai da kalma ɗaya.

A zaɓen 20 ga Oktoba 1946, SPD ta sami kusan kashi 49 cikin ɗari, jam'iyyar SED da Sobiyat ke mara wa baya kuwa ba ta kai kashi 20 ba. Otto Ostrowski na SPD ya zama magajin gari, Schroeder na cikin mataimakansa. Hunturun shekarar ya zo da tsanani, ga ƙarancin kwal, ga ƙarancin abinci, mutane na mutuwa a ɗakunansu saboda sanyi. Ostrowski ya nemi fahimtar juna da SED, jam'iyyarsa ta ɗauki hakan a matsayin cin amana, aka yi masa ƙuri'ar yanke ƙauna, ya sauka a Afrilun 1947. Ranar 8 ga Mayu aka ɗora Schroeder ta riƙa kafin a zaɓi wani. Ranar 24 ga Yuni majalisa ta zaɓi Ernst Reuter. Sai Sobiyat suka hau kujerar na-ƙi. Reuter tsohon ɗan gurguzu ne da ya bar su tun farkon shekarun 1920, ya yi gudun hijira a Turkiyya, ya dawo yana sukarsu ba ɓoye-ɓoye, kuma babu wanda akida ke ƙi kamar wanda ya taɓa shiga ya fita. Majalisar birni ta ƙi zaɓen wani a madadinsa. Riƙon makonni kaɗan ya zama na wata goma sha tara.

A nan ne na daɗe ina tunani, domin a nan labarinta ya taɓa wata kalma tamu. Bahaushe ya ce riƙon ƙwarya. Hoton da nakan gani shi ne na mace da ta miƙa wa 'yar'uwarta ƙwaryar nono ta ce riƙe mini, ina zuwa. Ba a sha, ba a zubar, ba a ajiyewa a ƙasa, ba a kuma tafiya da ita gida. Kalma ce mai kyau a asalinta, amana ce zalla. Amma na girma ina jin ta da wata ma'ana. A ƙaramar hukumarmu, kamar a sauran wurare da dama a Nijeriya, an sha shafe shekaru ba a yi zaɓe ba, sai dai a ji a rediyo an naɗa kantoman riƙo, wa'adinsa ya ƙare a sabunta, ko a sauke shi a kawo wani. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi zaɓaɓɓun shugabanni, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan al'ada ta saɓa masa. Saboda haka tun ina ƙarama, idan aka ce wane riƙon ƙwarya yake yi, abin da nake fahimta shi ne ba a tambayi kowa ba kafin a kawo shi, kuma ba za a tambayi kowa ba ranar da za a cire shi.

Tarihin Schroeder ya sa na lura da tambayar da ban taɓa yi ba: wa ake riƙe wa ƙwaryar? Kantoman da na sani yana riƙe wa wanda ya naɗa shi ne, kuma zamansa a kujerar shi ne abin da ya hana jama'a zaɓe. Ita kuwa tana riƙe wa wanda wakilan jama'a suka zaɓa, mai ƙarfi ya hana. Duk safiyar da ta shiga ofis ta sa hannu a takarda da sunan muƙaddashiya, tana tunatar da kwamandojin nan huɗu cewa akwai zaɓen da ba a cika ba. Da a ce an ba ta cikakken muƙamin ta karɓa, da ta sami suna, da Sobiyat sun sami abin da suke so, wato ikon tace wanda mutanen Balin za su zaɓa. Ragin da ke cikin laƙabinta shi ne amfaninsa. Reuter kuwa yana nan cikin majalisar zartarwar da take jagoranta, yana kula da sufuri da wutar lantarki da ruwa. Wanda ake riƙe wa yana zaune a teburi ɗaya da mai riƙon, kowa kuma ya san wane ne jam'iyya ke saurare. Wanda bai taɓa zama a irin wannan matsayi ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi.

Aikin da kansa ba na ado ba ne. Katin rabon abinci ne, da kwal na asibitoci, da matsuguni ga waɗanda gidajensu suka rushe, da 'yan gudun hijira, da fursunonin yaƙi masu dawowa, da matan da mazajensu ba su dawo ba. Birni ne da mata suka fi maza yawa nesa ba kusa ba, su ne kuma ke kwashe ɓaraguzai da hannu. Duk wani umarni sai ya bi ta hannun sojoji huɗu masu harsuna uku da manufofi biyu. Ina ganin a nan shekarun da ta yi tana fama da dokokin jin ƙai, waɗanda a da ake ɗauka ƙananan al'amura ne na mata, suka zama su ne ainihin ilimin mulkin birnin. Ofishinta kuma yana cikin sashen Sobiyat, ƙarƙashin 'yan sandan da shugabansu, Paul Markgraf, ya fi jin maganar kwamandan Sobiyat a kan ta majalisar birni.

Ranar gwaji ta zo a Yunin 1948. Ƙasashen Yamma uku suka fito da sabon kuɗi a yankunansu na Jamus ranar 20 ga wata. Sobiyat suka ba da umarni cewa kuɗinsu ne zai yi aiki a dukkan Balin. Kwamandojin Yamma suka ce umarnin bai shafi sassansu ba. Aka miƙa wa hukumar birni takardu biyu masu karo da juna, kowace da sojoji a bayanta. Ranar 23 ga Yuni majalisa ta zauna, masu zanga-zangar SED sun cika ginin, 'yan sanda sun naɗe hannu. Matsayin da hukumar birni ta ɗauka ƙarƙashin Schroeder, majalisa kuma ta amince da shi, shi ne cewa umarnin kowane kwamanda a sashensa ya tsaya. A takarda magana ce mai sanyi, kamar ta akawu. A aikace kuwa ƙin yarda ce da cewa Sobiyat su kaɗai ke da birnin. Bayan an tashi, aka far wa wasu 'yan majalisa a waje, cikinsu har da Jeanette Wolff, Bayahudiyar da ta tsira daga sansanonin 'yan Nazi. Washegari aka datse hanyoyin jirgin ƙasa da na mota da na ruwa zuwa sassan Yamma, aka yanke musu wutar lantarki. Mutum fiye da miliyan biyu suka wayi gari abincinsu da makamashinsu sai ta jirgin sama.

Mai riƙon ƙwarya yana da uzurin da kowa zai karɓa a irin wannan rana. Yana iya cewa wannan hukunci ya fi ƙarfina, a jira mai kujera. Na san daɗin wannan uzuri, domin na yi amfani da shi. Akwai ɗalibar da ta rasa jarrabawa saboda haihuwa, ta zo mini da takardar asibiti, ni kuwa na ce ta jira mai darasin ya dawo, alhali ina da ikon rubuta wasiƙar da za ta warware matsalarta a mako ɗaya. Tsoro nake kada a ce na wuce gona da iri. Ta yi asarar zango guda. Lokacin da na karanta abin da ya faru ranar 23 ga Yuni, fuskar yarinyar nan ce ta faɗo mini, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Sai dai ba zan mai da Schroeder abin da ba ita ba. Akwai wurare biyu da labarin bai tafi yadda mai son gwarzo zai so ba.

Na farko a Koblenz ne, a Yulin 1948, inda shugabannin jihohin Yammacin Jamus suka taru domin duba tayin da ƙasashen Yamma suka yi musu na kafa ƙasa a yankunansu uku. Schroeder ta halarta da sunan Balin, ta roƙe su kada su yi wani abin da zai rufe ƙofar haɗuwar Jamus. Tsoronta a fili yake: idan aka kafa ƙasa a Yamma, Balin za ta zama tsibiri, mutanen Gabas kuma an bar su ke nan. Bayan kamar mako biyu aka sake zama kusa da Rüdesheim, wannan karon Reuter ne ya je, ya ce rabuwar ta riga ta auku, kuma ƙasa mai ƙarfi a Yamma ita ce kaɗai za ta iya riƙe Balin. Maganarsa ce ta yi rinjaye, tarihi kuma ya bi bayansa. Masana da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa shi ne mai hangen nesa, ita kuwa mai tausayi ce kawai. Ban gamsu da wannan rabon ba. Abin da ta ji tsoro ya faru, an shekara arba'in ana rabe, an gina katanga a 1961. Abin da ya yi fata shi ma ya faru, a 1990. Amma na yarda cewa a Koblenz ta yi magana irin ta mai riƙo, wanda tarbiyyarsa ita ce kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba. Wannan hali shi ya kare kujerar Reuter fiye da wata goma sha bakwai, shi ne kuma ya sa ta kasa ganin cewa wani lokaci jira ma hukunci ne. Ban san yadda za a raba kyan halin da aibinsa ba, abu guda ne.

Na biyu shi ne jikinta ya gaza. A tsakiyar Agustan 1948 rashin lafiya mai tsanani ya kwantar da ita, ta bar ofis fiye da wata uku, a daidai lokacin da birnin ke tsagewa biyu. Ferdinand Friedensburg na jam'iyyar CDU ya riƙe mata, aka sami riƙon ƙwarya a kan riƙon ƙwarya. A hannunsa aka ga mafi munin kwanakin. Ranar 6 ga Satumba masu zanga-zanga suka sake mamaye zauren majalisa, mafi yawan wakilai suka ƙaura zuwa sashen Birtaniya. Ranar 9 ga Satumba Reuter ya tsaya gaban rusasshen ginin majalisar ƙasa, a gaban mutum kusan dubu ɗari uku, ya yi jawabin da ya kira duniya ta dubi birnin, jawabin da har yau ake sakawa a duk shirin da aka yi a kan ƙawanyar. Schroeder tana kwance tana jinya. Friedensburg kuwa ya ci gaba da zuwa ofishinsa a sashen Gabas kowace safiya, shi kaɗai kusan, har ranar 30 ga Nuwamba da SED ta naɗa Friedrich Ebert magajin garin Gabas, washegari 'yan sanda suka tare shi a ƙofa. Shi ma ya cancanci a yi masa rubutu na kansa.

Ranar 5 ga Disamba aka yi zaɓe a sassan Yamma, SPD ta sami fiye da kashi 64 cikin ɗari. Ranar 7 ga wata aka sake zaɓen Reuter, babu mai hanawa. Schroeder ta koma mataimakiya, ta yi aiki a ƙarƙashinsa har farkon 1951. An ɗage ƙawanyar ranar 12 ga Mayu 1949, shi ne a kan kujera, shi duniya ta yi wa tafi. Akwai karin maganar kura da gardi da ta zo mini a baki, amma na haɗiye ta, domin ba adalci ba ce. Reuter ya sha nasa bugun, an tsare shi a sansanin 'yan Nazi har sau biyu kafin ya tsere, kuma kujerar tasa ce tun farko. Babu wanda ya ƙwace wa Schroeder komai. Abin da aka ba ta ta mayar.

Wannan mayarwar ce na fi jinjinawa, wataƙila saboda ni ta yi mini wuya. Ranar da mai darasina ya dawo, na miƙa masa makulli da rajistar ɗalibai da fayil ɗin tambayoyin da na tsara, ya yi godiya sosai, ya ce na kyauta. Na fito ina jin kamar an yi mini fashi, alhali na san tun ranar farko cewa zanen aro ne. Zango uku kacal, a kan aji ɗaya, ba yaƙi, ba yunwa. Na kwatanta wannan da matar da ta riƙe babban birnin Jamus a shekarar da ake tsoron yaƙin duniya na uku zai tashi daga cikinsa, mutanen birnin suna ƙaunarta, sunanta ya karaɗe ƙasar, sannan ta koma kujera ta biyu ta ci gaba da duba takardun marayu da tsofaffi.

Mutanen Balin dai ba su manta da ita ba. Ta wakilce su a majalisar tarayya a Bonn daga 1949 har ƙarshen rayuwarta. Ranar da ta cika shekara saba'in, 2 ga Afrilu 1957, birnin ya ba ta lambar girmamawa mafi girma da yake bai wa ɗan gari, ita ce mace ta farko da ta samu. Bayan wata biyu, ranar 4 ga Yuni, ta rasu, aka kai ta Hamburg aka binne. Akwai makarantu da tituna masu sunanta, kuma tun 1998 ana ba da wata lambar yabo da sunanta kowace shekara. A wajen Jamus ne sunanta ya ɓace a bayan na Reuter da na Janar Clay da jiragen da ke sauka a Tempelhof.

A Disambar 2021 majalisar Balin ta zaɓi Franziska Giffey ta shugabanci birnin. Na bi labarin a lokacin, na kuma lura da yadda 'yan jaridar da suka san tarihi suka yi taka-tsantsan da kalmominsu. Ba su ce ita ce mace ta farko da ta mulki Balin ba. Cewa suka yi ita ce ta farko da aka zaɓa, sannan a sakin layi na uku ko na huɗu su ambaci cewa shekara saba'in da huɗu kafin nan wata ta taɓa riƙewa.